Ina zan adana kuɗin sallamata kafin naira ta ƙara lalacewa?

Tsohon Malamin Sakandare, Zariya:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar masana da waɗanda suka ga jiya suka ga yau a kan wata damuwa da ta hana ni sukuni. Na yi ritaya daga aikin koyarwa, kuma bayan dogon jira an biya ni kuɗin sallama, waɗanda idan aka haɗa su da ɗan abin da ni da mai ɗakina muka tara sun kai naira miliyan 8. Duka suna cikin asusu guda a banki guda, ban taɓa su ba. Abubuwan da ke gabana su ne kuɗin makarantar yara biyu da ke jami'a, da auren 'yata da muke sa ran yi nan da shekara biyu idan Allah ya kai mu, sai kuma abin da zai riƙe gidan duk lokacin da fansho ya yi jinkiri.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne saƙonnin da ake ta turawa a WhatsApp cewa tattalin arzikin ƙasar nan yana dab da rugujewa, bankuna za su rufe, naira kuma za ta koma takardar banza kamar yadda kuɗin Zimbabuwe suka koma. Ba duk abin da aka turo a waya nake ɗauka da muhimmanci ba, amma idona ya ga abin da ya faru a farkon 2023 lokacin sauyin kuɗi, kuma ni nake cefanen gidana, na san nawa tiyar shinkafa take a da, na san nawa ta koma. Ƙanena ya ce in kwashe kuɗin gaba ɗaya in sayi dala, surukina ya ce fili, mai ɗakina kuma ta fi karkata ga gwal. Ba na son duk wata hanya da ta shafi kuɗin ruwa. Don Allah mece ce shawararku?

Tsohon Ma'aikacin Banki, Kaduna:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka a abin da aka samu. Masu tura saƙonnin nan suna cakuɗa matsaloli daban-daban wuri ɗaya, alhali abin da zai kare ka daga ɗaya yana iya jefa ka cikin ɗayar, don haka gara a rarrabe su.

Faɗuwar banki ita ce mafi sauƙin magani. A watan Mayun 2024 hukumar inshorar kuɗin ajiya, NDIC, ta ɗaga adadin da take lamunce wa kowane mai ajiya a babban bankin kasuwanci daga naira 500,000 zuwa miliyan 5, a ƙananan bankunan bayar da rance kuma daga 200,000 zuwa miliyan 2. Ba a yi wata biyu ba, ranar 3 ga Yuni, Babban Bankin Najeriya ya soke lasisin bankin Heritage. Waɗanda ajiyarsu ba ta wuce miliyan 5 ba an riƙa tura musu kuɗinsu ta asusun da suke da shi a wasu bankuna, ana gano su da lambar BVN, waɗanda nasu ya haura kuwa sai suka koma jiran a sayar da kadarorin bankin a riƙa biyan su kaɗan-kaɗan. Kai kana da miliyan 8 a wuri guda, ke nan miliyan 3 daga ciki ba su da lamuni. Lamunin na mutum ɗaya ne a banki ɗaya, saboda haka buɗe asusu na biyu a wannan bankin ba zai amfane ka ba. Ka raba kuɗin tsakanin bankuna biyu, kason Hajiya kuma ya koma asusu da sunanta, sannan ka tabbatar sunayenku a banki sun yi daidai da na BVN da katin ɗan ƙasa harafi da harafi. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da TAJ da Lotus, su ma suna ƙarƙashin wannan inshora.

Sai toshewar hanya, wato kuɗinka suna nan amma ba ka iya kaiwa gare su, irin abin da ka ambata na 2023. A wancan lokaci mai kuɗi a banki ya kwana a layin na'urar cire kuɗi yana biyan masu POS ladan da bai taɓa ji ba, mai tsofaffin takardu a gida kuma ya wayi gari 'yan kasuwa suna ƙin karɓarsu, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin suna nan da halaccinsu. Dattawa za su tuna an yi makamancin haka a watan Afrilun 1984, lokacin da aka sauya launin kuɗi aka ba mutane 'yan kwanaki kaɗan su canza. Abin da wannan ke buƙata bai wuce tsabar kuɗin cefanen wata guda a gida da abinci a sito ba. Tara miliyoyi a ƙarƙashin katifa kuwa kiran ɓarawo ne, ga gobara, ga shi kuma ba sa haihuwa.

Matsalar da ta fi cancantar tsoronka ita ce zaizayar darajar naira, domin ita ba jira ake ta zo ba, ta riga ta zo. Bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin naira ga kasuwa a watan Yuni, dalar da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a cikin 2024, kuma a Disambar wannan shekarar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Ma'anar wannan a aljihu ita ce, miliyan ɗaya da aka ajiye ba a taɓa ba, bayan shekara ba za ta sayi fiye da abin da naira 742,000 ke saya a farko ba, idan kuma aka jera shekara biyu a haka sai ta koma kamar 550,000. Ba a saci ko sisi ba, saƙon banki yana nan yana nuna miliyan ɗaya cif. Tsoron Zimbabuwe ba na hauka ba ne, domin mu ma Babban Banki ya ranta wa gwamnati naira tiriliyan 22.7 ta hanyar da ba ta da maraba da buga kuɗi, har Majalisar Dattawa ta mayar da su bashin dogon zango a Mayun 2023. Amma Zimbabuwe a ƙarshen 2008 ta kai inda farashi ke ninkawa kusan kowace rana bayan noma da masana'antunta sun durƙushe, har ta buga takarda guda mai tiriliyan 100, kuma a ganina ƙasar da ke sayar da ɗanyen mai tana samun dala ba ta kusa da wannan. Sai dai ɗan fansho ba ya buƙatar Zimbabuwe kafin ya talauce, shekara uku na hauhawar kashi 30 sun ishe shi.

Game da shawarar ƙanenka, wanda ya sayi dala kafin Yunin 2023 ya ci riba mai yawa, kuma labarinsa kowa yake bayarwa. Wanda tsoro ya kora kasuwar 'yan canji ta Wafa a Kano ko ta Zone 4 a Abuja a Fabrairun 2024, lokacin da ta doshi 1,900 a kasuwar bayan fage, ya zuba ido ta sauko ƙasa da 1,200 a watan Afrilu, kuma idan kuɗin makaranta ya kama shi a wannan tsakanin, ya sayar da asarar sama da kashi ɗaya cikin uku. Ajiye dalar a asusun banki ma ba tudun mun tsira ba ne idan rugujewar gaske ta zo: a Labanon tun daga ƙarshen 2019 bankuna suka hana mutane cire dalolinsu, har a 2022 aka ga masu ajiya suna shiga banki da makami domin karɓar kuɗin kansu. Don haka dala ta dace ne da kason da ba za ka nema nan kusa ba, kuma a saye ta kaɗan-kaɗan, ba rana guda ba.

Tunda ba ka son ruwa, ka duba sukuk, wato takardun zuba jari marasa ruwa, na Gwamnatin Tarayya da Ofishin Kula da Basussuka, DMO, ke fitarwa domin gina hanyoyi. Ana shiga da naira 10,000, ana biyan kuɗin haya sau biyu a shekara, kuma wanda aka fitar a Mayun 2025 yana biyan kashi 19.75 na tsawon shekara bakwai. Zan faɗa maka aibinsa kamar yadda na faɗi na dala. Waɗanda suka shiga na farko a 2017 an biya su hayarsu, an mayar musu da uwar kuɗinsu a 2024 ba tare da tawaya ba, amma nairar da aka mayar musu ba ita suka bayar ba. Gwamnati ma tana iya gazawa, kamar yadda Ghana ta sauya wa masu takardun lamuninta sharuɗɗa daga Disambar 2022, har 'yan fansho suka yi zaman dirshan a ma'aikatar kuɗi a Accra. Sukuk yana rage zaizaya ne, ba ya tsayar da ita. Kuɗin makarantar da za a biya cikin shekarar nan kuwa ka bar su a naira inda hannunka zai kai, domin a naira za ka biya su.

Ɗan Kasuwar Hatsi, Dawanau:

Gaisuwa ga Malam da kuma Alhaji ma'aikacin banki. Bayanin Alhaji ya gamsar, amma na lura duk abin da ya lissafa takarda ne, ko ta naira, ko ta dala, ko ta gwamnati, alhali mafi yawan abin da gidan ɗan fansho ke kashewa a tukunya yake ƙarewa. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci kaɗai ta wuce kashi 40 cikin ɗari, ta fi ta sauran kaya, don haka mutumin da ya tanadi abincin shekara ya kare kansa daga ɓangaren da ya fi ciwo, kuma ko banki ya rufe ko waya ta ƙi tura kuɗi, za a ɗora tukunya a gidansa.

Shawarata ita ce ka zauna da Hajiya ku lissafa buhu nawa na masara, da gero ko dawa, da shinkafa, da wake gidan ke ci a shekara, ka saye su da kaka, daga watan Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da manomi ke fitar da amfani kuma hatsin ya gama bushewa. Bushewar ita ce ginshiƙi, domin masarar da aka ɗura da sauran danshi za ta yi fumfuna ko da an sa mata kowane irin magani. A ɗora buhunan a kan katako, kada su taɓa ƙasa ko bango. Wake ya fi komai saurin cin ƙwari, kuma mafi aminci gare shi shi ne buhun nan mai rufi uku da ake kira PICS, leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda idan aka ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, ƙwarin ya mutu ba tare da magani ba. Ina roƙon jama'a su daina zuba maganin feshi a cikin abin da iyalinsu za su ci, haka kuma ƙwayar nan mai fitar da iska mai guba ba ta da wuri a ɗakin da ake kwana ko wanda ke manne da shi, domin tana kisa.

Amma zan ja maka kunne a kan abu guda, duk da cewa sana'ata ce. Sayen abin da za ka ci daban, sayen hatsi domin jiran ya yi tsada daban. Shekaru da dama an saba cewa duk abin da aka saya da kaka zai tashi da bazara, har ma'aikata da 'yan fansho suka shigo harkar suna cika sito. A Yulin 2024 gwamnati ta sanar da dakatar da harajin shigo da masara da alkama da shinkafa da wake na kwana 150, damina kuma ta yi kyau a wurare da yawa, sai ga shi a 2025 farashi ya juya ƙasa, waɗanda suka saya da tsada a kakar da ta gabata suka sayar ƙasa da yadda suka saya, ga kuɗin sito, ga na dako, ga raguwar awo. Mu da muka daɗe a ciki mun ji jiki, balle wanda ya shigo jiya da kuɗin sallamarsa. Ga kuma batun shari'a, domin ɓoye abinci a lokacin da jama'a ke cikin matsi don a tsawwala musu abu ne da malamai suka yi gargaɗi a kansa, kuma a Fabrairun 2024 hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe ta Jihar Kano ta rufe wasu ɗakunan ajiya a wajenmu bisa wannan zargi. Abincin gidanka na shekara babu mai ce maka don me.

Kiwo ban ba ka shawararsa ba sai idan kana da wanda zai tsaya a kai da wuri mai tsaro. Kuɗin dusa da harawa suna cinye ribar rago kafin Layya ta zo, shanu a daji kuma kowa ya san halin da ake ciki.

Hajiya Mai Sayar da Atamfa, Kano:

Malam, ina bayan mai ɗakinka, amma da sharaɗi. Mata sun daɗe da sanin amfanin gwal tun kafin a fara maganar hauhawar farashi a rediyo, kuma dalilin yana da sauƙi: da dala ake yanka farashinsa a duniya, don haka idan naira ta faɗi yana tashi a nan ko da bai motsa a can ba. A 'yan shekarun nan kuwa ya motsa a can ɗin ma, domin awon da ake kira oza ya haura dala 3,000 a Maris na 2025, ya haura 4,000 a Oktoba. Wannan tashin shi ne ya kamata ya sa ka taka a hankali, domin gwal yana faɗuwa, daga wajen dala 1,900 a 2011 ya sauko kusan 1,050 a ƙarshen 2015, wadda ta saya a ƙololuwar nan ta jira shekaru kafin ya dawo.

Abin da maza ba su cika sani ba shi ne, ranar saye kana biyan nauyi da kuɗin ƙira, ranar sayarwa kuwa nauyi kaɗai za a biya ka, a cire duwatsun da ke jiki, a kuma rage wani abu a kan kowane giram. Ke nan daga fitowarka shago ka riga ka yi asara, sai ya daɗe a hannunka take cikewa. Idan don ajiya ne, a guji sarƙa mai ado da yawa, a sayi abu mai sauƙin ƙira kamar awarwaro ko zobe, mai lamba 21 ko 22, kuma ƙanana da yawa sun fi babba guda, domin ranar buƙata a sayar da ɗaya a bar saura. A saya wurin wanda aka sani, a auna a gabanka, a rubuta giram da lamba a rasit. Kada a yi ta nunawa a gidan biki, amma kuma kada a ɓoye har ya zama babu wanda ya san inda yake idan ta Allah ta kasance.

Akwai abin da na ga yana raba zumunci, kuma ina so ku kiyaye shi tun yanzu. Idan da kuɗin sallamarka aka sayi gwal Hajiya tana sawa, ku rubuta a takarda da shaidu ko kyauta ce ka ba ta ko ajiyar gida ce, domin ranar rabon gado magada za su ce na mahaifinsu ne, ita kuma ta ce nata ne, kowa kuma yana ganin gaskiyarsa. Wannan rubutun yana da alaƙa da zakka ma, tunda a mazhabar Malikiyya kayan adon da mace ke sawa hukuncinsu daban da na gwal ɗin da aka saya don adana dukiya.

Game da aure, kada ka jira shekara biyu da naira a hannu. Kayan kicin, da zannuwan gado, da atamfofi, da duk abin da ba ya lalacewa kuma ba ya fita yayi, a fara sayensu yanzu ana jerawa. Gado da kujeru a bar su sai lokaci ya matso. Sannan ka shirya amsar da za ka ba masu zuwa rance, domin labarin kuɗin sallama ba ya ɓuya. Wanda ka ranta wa naira 500,000 yau, ko ya cika alkawari bayan shekara biyu, 500,000 ɗin zai dawo maka da su, ba abin da suke saya ba. Ka ware abin da za ka iya bayarwa don Allah ka bayar, sauran ka ce an riga an saka su a wani abu, kuma ka tabbatar hakan gaskiya ne. Adashi ma haka yake a irin wannan zamani, mai kwasar farko ya more, mai kwasar ƙarshe shi ya ɗauki nauyin tsadar.

Wani Ɗan Maraɗi:

Sallama ga kowa. Na shigo ne saboda na san a garuruwan kan iyaka kamar Jibiya da Illela da Maigatari mutane da yawa sun koma ajiye sefa tun da naira ta fara tangaɗi, kuma wataƙila wani zai ba Malam wannan shawara. Gaskiya ne sefa ɗaure take da yuro, a kan 655.957 kowane yuro ɗaya, shi ya sa ba ta hawa da sauka kamar naira. Amma iyayenmu ba su manta da Janairun 1994 ba, lokacin da aka rage darajarta da rabi a dare ɗaya, wanda ya kwana da kuɗin buhu biyu na kayan waje ya tashi da na buhu ɗaya. Kuɗin da hukuma ta ɗaure ba sa zaizaya a hankali inda za ka gani ka yi shiri, rana guda ake yanke su.

Mun kuma ga ɗayar matsalar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da aka ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyaka, aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, bankuna suka ƙayyade abin da mutum zai iya cira daga asusunsa, har zuwa Fabrairun 2024 da aka ɗage. Darajar sefa ba ta faɗi ba a lokacin, amma shinkafa da magani sun yi tsada, kuɗin kuma ba sa fitowa. Gidajen da suka fi samun sauƙi su ne masu gero a rumbu da 'yan awaki a bayan gida, da masu ɗan'uwa a waje da ke aiko musu. Yanzu kuma da ƙasashen Sahel uku suka fice daga ECOWAS ana ta raɗe-raɗin sabon kuɗi, mai zama a Zariya wanda ba ya fatauci da Nijar ba shi da dalilin ɗaukar wannan kasada.

Tsohon Malamin Sakandare, Zariya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na fahimci cewa kuɗin makaranta za su zauna a naira a bankuna biyu, za mu sayi abincin shekara da kaka, Hajiya kuma za ta fara tara kayan aure, sannan mu sa wani abu a gwal da sukuk. Saura tambaya biyu. Babu wanda ya taɓo maganar filin da surukina ya kawo, wanda yake a bayan gari ana neman miliyan 3. Sannan wani tsohon ɗalibina ya zo mini da wani kamfani da ya ce kasuwancin halal yake yi, yana ba masu zuba jari kashi 15 cikin ɗari kowane wata, har ya nuna mini takardar rajistarsa. Alhaji, me ka gani?

Tsohon Ma'aikacin Banki, Kaduna:

Malam, kamfanin nan ka nisance shi, ko da ɗalibin naka da zuciya ɗaya ya zo, domin galibi masu kawo irin wannan su ma an ruɗe su ne. Kashi 15 a wata yana nufin kashi 180 a shekara ko ba a juya ribar ba, idan aka juya kuma kuɗin sun ninka fiye da sau biyar. Mai sana'ar da ke samar da haka ba ya buƙatar kuɗin ɗan fansho. Sannan kasuwancin halal na gaskiya ba ya yanka maka riba tabbatacciya tun kafin a yi ciniki, tunda asalin mudaraba shi ne a raba riba idan an samu, mai jari kuma ya ɗauki asara idan ta zo. An ga irin wannan damfara a baya: MMM ta yi alkawarin kashi 30 a wata kafin ta daskarar da asusun mutane a Disambar 2016, CBEX ta yi alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda kafin ta rufe a Afrilun 2025, kuma dukansu sun fi samun kasuwa ne a lokacin da tsoron faɗuwar naira ya sa mutane neman mafaka ido rufe. Takardar da ya nuna maka wataƙila ta hukumar rajistar kamfanoni ce, CAC, wadda ba ta ba kowa izinin karɓar jarin jama'a. Wannan izinin daga hukumar kula da hannayen jari, SEC, yake fitowa, kuma tana da jerin waɗanda ta yi wa rajista a shafinta na intanet.

Fili kuwa yana riƙe daraja a tsawon lokaci, musamman inda gari ke tafiya, amma ba ya sayuwa ranar da kake so. A lokacin matsi kowa mai sayarwa ne, mai saye kuma ya san kana cikin buƙata, sai ya taya yadda ya ga dama. Miliyan 3 daga cikin 8 kaso ne babba ga mutumin da ke da 'yan jami'a biyu da aure a gaba, don haka sai idan ka tabbata ba za ka nemi kuɗin ba nan da shekara biyar. Idan ka yanke shawarar saye, ka tuna cewa a ƙarƙashin dokar filaye ta 1978 ƙasa amana ce a hannun gwamna, kuma takardar mai unguwa kaɗai ba ta hana gwamnati karɓe wuri ko wani ya fito da takardar da ta fi taka ƙarfi. Ka kai bayanan filin hukumar rajistar filaye ta Jihar Kaduna, KADGIS, a bincika ko yana cikin wurin da aka keɓe don wani aiki ko an riga an yi wa wani rajistarsa. Ka tambayi maƙwabtan filin, ba dillali ba, tarihin wurin da yadda ruwa ke kwanciya a cikinsa da damina. Idan na gado ne, kada ka biya ko kwabo sai duk magada sun sa hannu a gaban shaidu, kuma ka biya ta banki da sunan mai filin, ba tsaba a hannun surukinka ba.